Yajin aikin nas-nas da haƙƙin mara lafiya: me doka ta ɗora musu, me ba ta ɗora musu ba

Ranar 30 ga Yulin 2025 ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin gwamnatin tarayya, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NANNM, suka tsunduma yajin aikin gargaɗi na kwana 7, bayan wa'adin kwana 15 da suka ba gwamnati ya cika. Ba su ma cike kwana bakwan ba, ranar 2 ga Agusta suka janye bayan zama da ɓangaren gwamnati har da ministan lafiya Muhammad Ali Pate. To amma 'yan kwanakin nan sun isa su tado da tsohuwar gardama. Wasu na cewa ai mutumin da ya yi rantsuwar kula da rai ba shi da hurumin ajiye aiki ya bar mutane kwance a gado, wasu kuma na cewa rantsuwa ba ta biyan kuɗin haya, kuma nas ɗaya ba za ta iya riƙe ɗakin kwanciya guda ita kaɗai har gari ya waye ba. Ana tsaka da wannan sai kowa ya ɗauko nasa labarin, wannan an yi wa matarsa tsawa a ɗakin haihuwa, wancan an ƙi taɓa ɗan'uwansa sai an biya kuɗi, sai magana ta cakuɗe.

Abin da ke rikita lissafin shi ne ana haɗa abubuwa uku a kwano ɗaya: ƙa'idojin ɗabi'a na sana'ar, da abin da dokar ƙasa ta wajabta, da kuma abin da asibiti ko gwamnati ya kamata su tanada. Sai an raba su kafin a gane wa ke da laifin me.

Waye nas tukuna?

A bakin jama'a duk wadda ta saka farin kaya a asibiti nas ce, ko malamar asibiti, ko sista. A doka ba haka ba ne. Nas shi ne wanda ya yi makarantar koyon aikin jinya ko jami'ar da aka amince da ita, ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, aka saka sunansa a rajista aka ba shi lasisi. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ce ta kafa hukumar, kuma lasisin nan sabunta shi ake yi duk shekara 3, bayan mutum ya halarci kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Hukumar na da kotun ladabtarwa wadda za ta iya dakatar da mutum ko ta soke sunansa gaba ɗaya.

Akwai kuma jami'an lafiya na matakin farko waɗanda suka fito daga makarantun koyon kiwon lafiya, su ne suka fi yawa a ƙananan asibitocin ƙauye, suna da tasu hukumar daban, kuma tun 2014 akwai tsarin gwamnati da ya ba su damar yin wasu ayyukan ungozoma bayan an horar da su saboda ƙarancin ma'aikata. Su ma halastattu ne, iyakar aikinsu ce dai ta bambanta.

Rukuni na uku shi ne inda matsalar take: yaran da ake koya wa allura da saka ruwa a asibitocin kuɗi ko a kemis, bayan wata shida ko shekara a ɗinka musu farin kaya. Ba su da rajista, don haka NMCN ba ta da lasisin da za ta ƙwace a hannunsu, sai dai a bi su da dokar aikata laifi. Lokacin da mawaƙin nan Mohbad ya rasu a Legas a Satumbar 2023, 'yan sanda sun kama wadda ta yi masa allura a gida, ƙungiyar ma'aikatan jinya kuma ta fito ta ce matar ba ta cikin masu rajista. Da yawa daga ɓarnar da ake ɗora wa "nas" a unguwanninmu daga irin wannan hannun take fitowa.

Daga ina ƙa'idojin suka samo asali

Rantsuwar da ɗalibai ke yi da fitila a hannu, wadda ake jingina wa Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ba ita ta rubuta ba, a Detroit ta Amurka aka tsara ta a 1893 don girmama ta. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, ta fitar da kundin ɗabi'unta na farko a 1953, gyara na baya-bayan nan kuma a 2021 aka yi shi. Kundin ya ce aikin nas ginshiƙi huɗu ne: inganta lafiya, hana cuta, dawo da lafiya, da rage raɗaɗi har da taimaka wa mutum ya cika cikin mutunci. A tarihin Musulunci kuma akwai Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Ƙa'idojin da ake karantarwa a aji su ma huɗu ne, a mutunta zaɓin mara lafiya, a yi abin da zai amfane shi, kar a cutar da shi, a yi adalci tsakanin marasa lafiya. Haddarsu ba wuya. Wuyar tana zuwa ne lokacin da biyu suka yi karo, kuma a asibiti kullum sai sun yi karo.

Misalin da 'yan Najeriya suka gani da idonsu shi ne na Ebola. Wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar ranar 20 ga Yulin 2014, ya matsa lallai sai an sallame shi daga asibiti, Dakta Ameyo Adadevoh da abokan aikinta suka ƙi. A nan zaɓin mutum ɗaya ya yi karo da lafiyar miliyoyi, aka fifita na biyun. Adadevoh ta rasu, haka ma nas Justina Ejelonu da ta yi jinyarsa.

Gaggawa: nan doka ba ta bar ƙofa ba

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ma'aikacin lafiya ko asibiti ba za su hana mutum kulawar gaggawa ba bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Sannan dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta ce a karɓe su a fara magani ko da babu takardar 'yan sanda kuma ko da ba a ajiye kuɗi ba, asibiti ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin. Kenan maganar "je ku kawo rahoton ɗan sanda tukuna" ba ta da gindi a doka yau.

To me ya sa har yanzu ake jin ta? A nan ne ake bukatar adalci ga ɓangarorin biyu. Nas ɗin da ke bakin imajansi ita ce fuskar da dangi ke gani, amma ba ita ke riƙe da makullin kantin magani ba, ba ita ta saka dokar sai an biya kafin a ba da safar hannu da ledar ruwa ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar 2014 ta ƙirƙiri asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 na asusun don gaggawa, amma asibitoci da dama, musamman na kuɗi, kukansu shi ne in sun yi maganin wa zai biya su. Sannan ma'aikata na da tsohon tsoron 'yan sanda, don an sha tsare ma'aikacin asibiti a ce ya yi wa ɗan fashi magani.

Duk da haka akwai abin da yake nata ne ita kaɗai, ba ya bukatar ko sisi: ta tashi ta duba mutumin, ta auna numfashi da bugun jini, ta danne inda jini ke zuba, ta kira likita, in ya fi ƙarfin wurin ta rubuta takardar turawa gaba, ta kuma rubuta lokacin da aka zo da abin da aka yi. Nas ɗin da ta leƙa ta tagar mota ta ce "ku wuce gaba" ba tare da ta taɓa mutum ba, rashin kayan aiki ba zai wanke ta ba.

Sa hannu, da tambayar wa ke da ikon cewa e

Wannan shi ne wurin da al'ada da doka suka fi taka sawun juna a wajenmu. Mace na naƙuda tun dare, jariri ya gaji, likita ya ce sai tiyata, nas ta fito da takarda tana cigiyar mijin, miji yana kasuwa ko yana Legas, wayarsa a kashe, uwar miji ta ce ita ba za ta sa hannu a yanka 'yar mutane ba, ita kuma mai naƙudar ta ce ba za ta yi gaban kanta ba. Awa biyu, uku, su tafi a haka.

A doka, baligar mace mai hankalinta ita ke da ikon amincewa da abin da za a yi a jikinta, sa hannunta ya wadatar. Neman miji da asibitoci ke yi ya fi alaƙa da wanda zai biya kuɗi da kuma gudun rigima in abu ya ɓaci. Aikin nas a irin wannan hali shi ne ta tabbatar matar ta fahimci abin da ake ciki da harshen da take ji, ba wai a miƙa mata takardar Turanci a nuna mata inda za ta dangwala ba. Sashe na 23 na dokar 2014 ya wajabta a yi wa mara lafiya bayanin halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu, da kuma cewa yana da damar ƙi.

Damar ƙin nan kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, likitan da ya kula da wata mata mabiyar Shaidun Jehobah wadda ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, kotu ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Amma a 2019, a shari'ar Esabunor, kotun dai ta ce iyaye ba za su hana a ƙara wa ƙaramin yaro jini ba in ransa na cikin haɗari. Babba zai iya zaɓa wa kansa, ba zai zaɓa wa jariri mutuwa ba, a nan layin yake.

Mutanen Kano ba sa bukatar dogon bayani kan muhimmancin neman yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

Sirri

Sashe na 26 na dokar 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa ko zamansa a asibiti sirri ne. Ana buɗe shi ne kawai in mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta bukata, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari, sai kuma iyaye ko mai kula game da yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. A gari irin namu da nas da mara lafiya ke haɗuwa a gidan biki da islamiyya, fitar sirri ba ta bukatar mugun nufi, "Allah sarki, na ga wance a wajenmu jiya" ta isa ta kashe aure. Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa abin, hoton jariri sabon haihuwa a WhatsApp, bidiyon TikTok a ɗakin kwanciya ana hango fuskar mutum a baya, duk ƙarƙashin wannan sashe suke.

Dokar gwajin lafiya kafin aure da gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024, wadda ta haɗa da gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da sikila, ta ƙara wa ma'aikata nauyi ta wannan fuska. Waliyyi zai zo yana neman a faɗa masa sakamakon wanda ke neman 'yarsa, kuma a ganinsa haƙƙinsa ne. Hanyar da aka koya wa ma'aikata ita ce a zauna da mai sakamakon, a ba shi shawara, a taimaka masa ya faɗa da bakinsa, ba a rada wa dangi ta bayan gida ba.

Ɗakin haihuwa

Ƙorafin tsawa, zagi, wani lokaci har mari a cinya, ba ƙirƙirar soshiyal midiya ba ce. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, aka buga a 2019, wanda ya haɗa Najeriya, Ghana, Gini da Myanmar, ya gano fiye da kashi ɗaya bisa uku na matan sun fuskanci wulaƙanci lokacin haihuwa a asibiti, kuma abin ya fi faɗawa kan ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Ungozomomi kan kare kansu da cewa in kan yaro ya sauko uwa ta haɗe ƙafa, ba lokacin lallashi ba ne, rai ake ceto. Masu nazarin harkar kuma na cewa matar da aka zaga a haihuwar fari gida za ta zauna a ta biyu, in jijjiga ko zubar jini ya zo babu mai taimako. A Najeriya, ƙasar da alƙaluman 2020 suka nuna ita ke da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, wannan hujja ta biyu ta fi nauyi. Gajiya na iya bayyana dalilin tsawar, amma babu kundin ɗabi'ar da ya halatta ta.

To yajin aikin fa, da masu ficewa waje?

Sashe na 45 na dokar 2014 ya saka aikin lafiya cikin ayyukan da al'umma ba za ta iya rayuwa babu su ba, amma a wuri guda ya ce hakan bai tauye wa ma'aikata haƙƙin neman ingantaccen yanayin aiki ba. Gwamnati kan jingina da rabin farko, ta ɗauko dokar ba aiki ba albashi. Ƙungiya kan jingina da rabi na biyu. Bukatun 2025 sun haɗa da ƙarin alawus na aikin dare da na kayan sawa, tsarin albashi na musamman, ɗaukar ƙarin ma'aikata, sashen jinya mai zaman kansa a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da buga tsarin matakan aikinsu da aka amince da shi tun 2016 a jaridar gwamnati.

Masu goyon baya na cewa yanayin da ake ciki shi kansa cutar da mara lafiya ne, nas ɗin da ta yi dutin dare a jere tana kula da gadaje talatin dole wata rana ta yi kuskuren allura, don haka matsa wa gwamnati lamba shi ma kare mara lafiya ne. Suna kuma tuna alƙawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, alhali kason tarayya yawanci tsakanin kashi 4 ne zuwa 6. Masu suka na cewa ko da hakan gaskiya ne, wanda ke biyan farashin ba minista ba ne, mai wankin ƙoda ne da jaririn da ke cikin kwalba. Matsayar da ƙungiyoyin sana'ar na duniya suka fi karkata gare ta tana tsakiya: yajin aiki halas ne in an bi matakai an ba da sanarwa, da sharaɗin a bar masu riƙe gaggawa da waɗanda ransu ke hannun Allah. Akwai kuma bambanci tsakanin yajin da aka sanar, da kuma tafiya a bar mara lafiya a tsakiyar duti ba a miƙa shi ga kowa ba, wannan na biyun laifi ne da kan iya cin lasisi ko da yaji ko babu.

Irin wannan ja-in-ja ce ta faru a Fabrairun 2024, lokacin da NMCN ta ce duk mai son a tantance takardunsa don aiki a waje sai ya yi shekara 2 yana aiki bayan samun lasisi, ya kuma kawo takardar shaida daga shugaban wurin aikinsa. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu suka garzaya kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da tsarin. Hukuma na ganin ƙasa ce ta horar da su, su kuma suna tambayar yaya za a ɗaure mutum alhali dubbai na zaune ba a ɗauke su aiki ba.

Yadda abin ke sauka kan talaka

Duk nas ɗin da ta bar asibitin jiha ta koma na tarayya, ko ta bar na tarayya ta tafi Ingila ko Saudiyya, gurbinta ba ya zama fanko, wani ne ke cike shi, kuma sau da yawa ɗan'uwan mara lafiya ne ko yaron kemis. Shi ya sa a asibitocinmu mai jinya ne ke juya mara lafiya, shi ke zubar da fo, shi ke zuba ido kan ledar ruwa ya ruga ya kira sista in ta kusa ƙarewa. Duk yajin aiki kuma, ko na kwana uku ne, mai hali asibitin kuɗi yake komawa, mara hali ya koma gida ko wajen mai allurar unguwa.

Ga wanda aka zalunta, hanyoyin ƙorafi suna nan ko da ba kowa ya san su ba. Kundin haƙƙoƙin mara lafiya da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya lissafa haƙƙoƙi 12, ciki har da samun bayani da harshen da mutum ke ji, sanin kuɗin magani dalla-dalla, sirri, kulawar gaggawa da damar kai ƙara. Ana farawa ne daga shugabar ɗakin, sai shugaban sashen jinya, sai teburin SERVICOM, wato ofishin karɓar ƙorafin jama'a, a asibitocin tarayya, in abin ya shafi lasisi a rubuta wa NMCN, hukumar kare masu saye ta FCCPC ma tana karɓar irin wannan ƙorafi. Abin da ke sa ƙorafi ya yi tasiri shi ne rana, lokaci, sunan ɗaki, lambar kati da rasit, don da abin da aka rubuta a fayil ake yanke hukunci. Kuma kafin a bari wani ya yi wa yaro allura a gida ko a shago, mutum na da damar ya tambaya a nuna masa lasisi, mai rajista yana da lamba kuma ana iya bincika ta a wajen hukumar.